RRSP ko TFSA: wanne zan fara, ni da nake da niyyar komawa gida?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu daɗewa a Kanada. Na shigo a 2022, shekaruna 41 yanzu, ina lardin Ontariyo, albashina na bara ya kama dala 62,000. Maiɗakina karatu take yi, ba ta fara aiki ba, yaranmu uku. Na samu na tara wajen dala 8,000, suna nan zaune a banki ba sa komai. Tun da Fabrairun 2025 ta kama ake ta turo min saƙo wai in zuba a RRSP, wato asusun ajiyar ritaya, kafin 3 ga Maris. Wani abokin aikina kuma ya ce kada in kuskura, TFSA, wato asusun ajiyar da ba a cire wa ribarsa haraji, shi ne na talaka. Ni kuma gaskiya ba na jin a nan zan tsufa, niyyata idan yara sun kama gabansu in tattara in koma gida. To wanne ya dace in fara? Kuma ina amfanin ajiyar ritaya a ƙasar da ba ka da niyyar yin ritayar a cikinta?

Direban_Tirela:
Wa alaikumus salam. TFSA, ba sai an ja dogon turanci ba. Ka sa kuɗinka, ka cire ranar da ka ga dama, ba ruwan gwamnati. RRSP tarko ne, yau su ba ka da dama, gobe su karɓe da hagu.

Ɗan_Kalgari:
Gaskiyar Direba. Ga shi gurbin TFSA, wato iyakar abin da aka yarda mutum ya zuba, ya kai dala 102,000 a 2025, dubu takwas ɗinka ko lungu ba za su cika ba.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ɗan_Kalgari, don Allah ka gyara wannan magana kafin wani ya karanta ya jefa kansa cikin tara. Dala 102,000 na wanda yake zaune a Kanada ne tun 2009, shekarar da aka ƙirƙiro TFSA, kuma a lokacin ya riga ya cika shekara 18. Baƙo daga shekarar da ya zama mazaunin ƙasa ake fara yi masa lissafi. Baban Ilham ya zo a 2022, nasa gurbin ke nan 6,000 na 2022, 6,500 na 2023, 7,000 na 2024, da 7,000 na 2025. Jimla 26,500. Duk abin da ya haura haka, hukumar haraji ta CRA za ta riƙa cin sa tarar kashi 1 cikin 100 kowane wata har sai ya kwashe rarar. Kuma adadin da mutum ke gani a shafinsa na CRA a farkon shekara ba lallai ne ya zama na yau ba, domin bankuna sai zuwa ƙarshen Fabrairu suke kammala aika bayanan bara. Kowa ya riƙe nasa lissafin a takarda.

Yanzu ga tambayarka, ƙanena. Abu na farko, RRSP da TFSA rumbu ne, ba hatsi ba. Kai za ka zaɓi abin da za ka zuba ciki: tsabar kuɗi, hannun jari, ETF (kwandon jari iri-iri da ake saye a kasuwa kamar hannun jari guda), takardar ajiya mai wa'adi ta GIC, da sauransu. Bambancin rumbunan biyu shi ne yaushe za ka biya haraji. A TFSA kuɗin da aka riga aka cire wa haraji kake zubawa, daga nan ribar da suka haifa da abin da ka cire duk naka ne. A RRSP kuwa, abin da ka zuba ana rage shi daga kuɗin shigarka na shekarar, sai harajinka ya sauka, amma ranar da ka zo cirewa sai a lissafa shi gaba ɗaya kamar albashi.

Ka ɗauki dala 1,000 na albashi, harajinka kashi 30. Idan TFSA ne, 700 za su shiga, su ninka su zama 1,400, ka ɗauke abinka. Idan RRSP ne, 1,000 ɗin duka za su shiga, su ninka su zama 2,000, a cire kashi 30, ka tashi da 1,400. Ka ga kunnen doki. RRSP yana cin nasara ne kawai idan harajinka na ranar cirewa bai kai na ranar zubawa ba. Idan ya fi shi, TFSA ya ci. Shi ya sa ba na yarda da kalmar tarko, Malam Direba, amma ban kuma yarda da masu turo saƙon Fabrairu ba, su kowa da kowa suke turawa.

Ɗan_Kalgari:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Ni tun 2008 nake nan, shi ya sa nawa ya nuna haka.

Injiniya_Sani:
Kafin a ci gaba da RRSP ko TFSA, Baban Ilham, wurin aikinku suna da tsarin da idan ka zuba su ma za su zuba maka? Wannan ce tambayar da ta riga kowace.

Baban_Ilham:
Akwai, Injiniya. Sun ce duk abin da na zuba har zuwa kashi 4 na albashina za su ɗora daidai shi. Takardar tana wurina, ban cike ba tukuna, ina duba yadda albashin zai ragu.

Injiniya_Sani:
To wannan takarda ka fara cikewa gobe da safe, in sha Allahu. Kashi 4 na 62,000 dala 2,480 ke nan a shekara da kamfani ke miƙo maka kana kau da kai. Babu wani hannun jari a duniya da zai ninka maka kuɗi ranar da ka zuba su. Raguwar albashin ma ba za ta kai yadda kake tsammani ba, saboda galibi a irin wannan tsari tun kafin a cire haraji ake yankar zubin. Abu biyu ka tambaye su: ko nasu kason yana zama naka nan take ko sai ka yi wani wa'adi a aikin, sannan ko ana iya taɓa kuɗin kana bakin aiki. Ka kuma sani duk wannan zubi daga gurbinka na RRSP yake ci, don haka ka lissafa da shi.

Uwar_Tagwaye:
Ni akwai abin da ban ga kowa ya taɓo ba, kuma mu iyayen yara shi ya fi shafa. Kuɗin tallafin yara na CCB da ake turowa duk wata, da kuɗin shigar gida ake auna shi. Idan ka zuba a RRSP, kuɗin shigarka a takarda ya ragu, sai tallafin ya ƙaru daga watan Yuli. Mu mun gani da idonmu shekarar da maigidan ya fara zubawa. Hajiya ki yi musu bayanin alƙaluman, ni dai na ga kuɗi sun ƙaru.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Uwar Tagwaye kin zo da babbar magana. A 2025, ga gidan da kuɗin shigarsa ke tsakanin wajen dala 37,000 zuwa wajen 80,000, kowace dala da ta ƙaru tana rage tallafin: kashi 7 idan yaro ɗaya ne, 13.5 idan biyu ne, 19 idan uku ne, 23 idan huɗu ne ko fiye. Baban Ilham yara uku gare shi, albashi ɗaya ke shiga gidan, yana tsakiyar wannan mataki.

A Ontariyo a 2024, abin da ya haura dala 55,867 harajinsa na tarayya da na lardi a haɗe kashi 29.65 ne. Idan ya zuba 5,000 a RRSP, wajen dala 1,480 za su dawo masa na haraji, tallafin yara kuma ya ƙaru da wajen 950 a shekara. Kusan rabin abin da ya zuba ke nan. Da wuya a ce ranar tsufa zai biya harajin da ya kai haka a kan kuɗin. Amma a lura, daga 62,000 zuwa 55,867 tazarar dubu shida da 'yan kai ce. Da zarar zubinsa ya sauko da shi ƙasa da nan, rangwamen ya koma 24.15, ƙasa da 51,446 kuma 20.05. Ba kowace dala ce ke da daraja ɗaya a RRSP ba.

Abokin aikinsa da ya ce TFSA ne na talaka bai yi ƙarya ba ga gwauro mai albashin 40,000. Ga mai yara uku lissafin ya juya.

Direban_Tirela:
Hajiya duk wannan a takarda ne. Ni a 2020 da aiki ya tsaya na je cire dubu ashirin daga RRSP, dubu goma sha huɗu aka miƙo min. Kuɗina, gumina. Ko wannan ma ba tarko ba ne?

Hajiya_Mai_Lissafi:
Allah ya mayar da alheri, Malam Direba. Abin da aka riƙe maka ba tara ba ce, harajin da ake zaftarewa tun daga tushe ne, kuma doka ce ta ɗora wa kowane banki. Kashi 10 idan ka cire har 5,000, kashi 20 daga nan zuwa 15,000, kashi 30 idan ya wuce, sai Kebek da ke da nata tsarin. Lokacin shigar da bayanan haraji ake ƙididdige ainihin abin da ake bin ka, ko a mayar maka da wani abu ko a ce ka cika. Inda na ba ka gaskiya shi ne gurbin: abin da ka cire daga RRSP gurbinsa ya tafi har abada. Na TFSA kuwa yana dawowa, amma sai ranar 1 ga Janairun shekara mai zuwa. Mutane da yawa suna cirewa a Afrilu su mayar a Agusta alhali gurbinsu a cike yake, sai wasiƙar tara ta iso.

Kuma tunda kai ne, in kana cikin direbobin da suka yi rajistar kamfani suna biyan kansu da rabon riba maimakon albashi, ka sani wannan ba ya haifar da gurbin RRSP, ba ya kuma shiga fanshon gwamnati na CPP. Gurbin RRSP kashi 18 ne na abin da mutum ya samu ta aiki a shekarar da ta gabata, iyakarsa 31,560 a 2024.

Direban_Tirela:
Ina ciki kuwa. Sai mun yi magana ta gefe.

Kawu_Bala:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma lissafi na bar wa masu lissafi. Ni kan rabin tambayar da aka tsallake zan yi magana, wato komawa gida.

Ɗana, na sauka ƙasar nan a 1994, kuma duk wanda muka zo tare da shi cewa yake yi na ɗan lokaci ne. Wasu sun koma, Allah ya ba su sa'a. Da yawa kuma ga mu nan, jikoki sun riƙe mana ƙafa, likita ma ya riƙe ɗayar. Ban ce ka fasa niyyarka ba. Cewa na yi ka yi shirin da zai yi maka aiki ko ka tafi ko ka zauna, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da na sani a aikace. Fanshon CPP, wanda ake yankar maka a albashi kamfani ma ya ba da daidai shi, naka ne duk inda kake a duniya, gwargwadon abin da ka zuba da yawan shekarun da ka yi kana zubawa. Kana iya fara karɓa tun daga shekara 60, amma za a rage kashi 0.6 a kan kowane wata da ka riga 65, kashi 36 ke nan in ka fara a 60. In ka jinkirta ana ƙara 0.7 a wata, har kashi 42 a shekara 70. Wanda ya fara zubi yana ɗan 38 kada ya sa ran cikakken kaso.

Kuɗin tsufa na OAS kuwa ba ruwansa da aiki, da shekarun zama ake auna shi bayan mutum ya cika 18. Shekara 40 ke ba da cikakke. Shekara 10 ce mafi ƙaranci in kana zaune a nan. Amma in kana so ya bi ka zuwa waje, sai ka yi shekara 20 a ƙasar. Kai da ka zo a 2022, sai 2042 ke nan, kana da shekara 58. Ka tafi bayan zaman shekara 19, ka bar shi a baya. Ka zauna har 65, ka samu kashi 27 cikin 40. Wannan lissafi ya kamata ya shiga cikin zaɓen ranar tafiyarka, ba kuɗin jirgi kaɗai ba.

Ɗan_Kalgari:
Kawu ranka ya daɗe, to shi RRSP ɗin fa in mutum ya bar ƙasar? Kwashewa ake yi?

Kawu_Bala:
Ba dole ba ne. Yana nan yana girma. In ka zo cirewa kana waje, Kanada tana riƙe kashi 25, sai dai in yarjejeniyar haraji tsakaninta da ƙasar da kake ta rage. TFSA ma kana iya barinsa a buɗe, amma gurbi ba ya ƙaruwa a shekarun da ba ka nan, kuma kada ka zuba ko sisi kana waje, tara ce duk wata. Sannan ƙasar da ka koma ita ba ta yi maka alkawarin yafe haraji ba, sai ka bincika nata.

Ɗaya kuma da ya kamata masu ƙaramin samu su ji: ƙarin tallafin GIS da ake ba tsofaffi marasa ƙarfi. Ina da aboki da ya yi ta matse kansa yana tara ɗan abin da ya samu a RRSP, da ya tsufa kowace dala da ya ciro sai ta cinye masa kusan rabinta daga GIS, ga haraji a kai. Da a TFSA ya tara, ba abin da zai taɓu, don abin da aka ciro daga can ba a lissafa shi a kuɗin shiga. Shi GIS ma da ka wuce wata shida a waje ake tsayar da shi.

Ustaz_Nura:
Jama'a, ana ta lissafin riba ba a tambayi halaccinta ba. Waɗannan asusu ai kuɗin ruwa ne a ciki. Ni na fi ganin mutum ya sayi zinariya ko fili ya huta.

Dokta_Zainab:
Ustaz, Allah ya gafarta Malam, asusun shi kansa ba ya ba da ruwa kuma ba ya hanawa, rajista ce kawai da hukumar haraji. Abin da ka saya a ciki shi ne abin dubawa. In ka sa GIC ko ka bar kuɗi a ajiya mai ruwa, to maganarka ta tabbata. Amma kana iya buɗe wanda kai ke juya shi da kanka, ka sayi hannun jarin da aka tace: babu bankuna masu ruwa, babu giya, caca ko alade, kuma ana cire kamfanonin da bashi ya yi musu katutu. Akwai ETF irin WSHR na Wealthsimple da aka yi don haka, akwai wasu a kasuwar Amurka. Ɗan abin da ya gauraya na ruwa kuma ana lissafa shi a fitar sadaka. Ni haka nake yi a RRSP da TFSA duka.

Ustaz_Nura:
Na ji wannan, kuma ban musa ba. To na wurin aiki fa, da Injiniya ke cewa a cike gobe da safe? Can ai jerin da suka ba ka shi ne za ka zaɓa, kuma yawanci cakuɗe yake da takardun bashi.

Injiniya_Sani:
Wannan matsala ce ta gaske, Ustaz. Wasu wuraren suna da zaɓin hannun jari zalla, wanda ya fi sauƙin tsarkakewa, wasu kuma suna barin ka kwashe naka kason lokaci-lokaci zuwa RRSP naka na kanka ba tare da haraji ba, muddin banki zuwa banki aka tura. A namu wurin mu shida muka rubuta wa ofishin ma'aikata muna neman a ƙara zaɓi na halal, har yanzu ana kai. Hukuncin kuma na malamai ne, ba na injiniyoyi ba.

Maryam_Winnipeg:
Tunda an shigo nan, zakka fa? Ana fitar wa kuɗin RRSP duk shekara?

Ustaz_Nura:
Malamai na zamani sun saɓa. Wasu sun ce tunda kana da ikon cirewa, duk shekara ka lissafa abin da zai rage a hannunka bayan haraji ka fitar a kai. Wasu sun ce sai ranar da ya shigo hannu, musamman wanda yake a kulle ba ka da ikon taɓawa. TFSA dai babu wannan uzurin, a hannunka yake. Ki tambayi malamin da kika amince da shi, ki kuma bayyana masa wane irin asusu ne.

Ɗalibi_Faruk:
Ku yi haƙuri in katse, mu masu takardar karatu za mu iya buɗe TFSA?

Dokta_Zainab:
Za ka iya, Faruk, in kana da lambar SIN ta aiki da haraji, ka kai shekarun da lardinku ya yarda, kuma ana lissafa ka mazaunin Kanada ta fuskar haraji. Amma kada ka mai da shi wurin saye da sayar da hannun jari kullum kamar yadda samari ke yi, CRA na iya ɗaukar haka a matsayin kasuwanci ta caje ka haraji a kan ribar. In kuma ka yi asara a ciki, gurbin ya tafi tare da kuɗin.

Anti_Rabi:
Ni mamaki nake, mutum mai yara uku ana ta zancen tsufansa ba a ambaci karatun yaran ba. Baban Ilham, kun buɗe musu RESP, asusun ajiyar karatun yara? Kowace shekara in ka zuba 2,500 wa yaro, gwamnati na ɗora kashi 20, wato 500, har ya kai 7,200 a rayuwar yaron. Masu ƙaramin samu ma akwai wani tallafin da ke kaiwa 2,000 ko ba su zuba komai ba. Sai dai gargaɗi ɗaya: masu bin gidajen baƙi da tsarin rukuni, su sa ka hannu kan zubin wata-wata na shekaru, ku karanta takardarsu da kyau. Yawanci kamashonsu daga zubin farko-farko suke kwashewa, in ka gaza ci gaba ka yi asara mai yawa. A banki ko kamfanin dillancin hannun jari kana buɗewa ba tare da wani alkawarin zubi ba.

Kawu_Bala:
Rabi, karatun yara ana samun bashi da tallafi a kansa. Tsufa ba wanda zai ranta maka. In kuɗin ba su isa duka biyu ba, ni na ce uba ya fara da kansa.

Anti_Rabi:
Yaya Bala, bashin da yaro zai fito da shi ai shi ma kan uban yake ƙarewa. Kashi 20 kyauta ba abin rainawa ba ne.

Maryam_Winnipeg:
Haya kuke ko kun sayi gida? In haya ne akwai FHSA, asusun tara kuɗin sayen gidan farko, da aka fara a 2023. Dala 8,000 a shekara, 40,000 gaba ɗaya, yana rage haraji kamar RRSP, in ka cire don sayen gidan farko kuma ba haraji kamar TFSA. Ko ba ka sayi gidan ba kana iya juye shi cikin RRSP ba tare da ya ci gurbinka ba. Ni ban ga abin da ya kai shi ba.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Haka ne Maryam, da sharaɗi biyu. Zubin FHSA ba shi da rangwamen kwana 60 na farkon shekara da RRSP ke da shi, abin da ya zuba yau na harajin 2025 ne, ba 2024 ba. Na biyu kuma shi ne ke kama baƙi: dole ya zama ba ka zauna a gidan da kai ko matarka kuka mallaka ba a wannan shekara da shekaru huɗu kafinta, kuma gidan da ke wata ƙasa ma yana cikin lissafi. Idan Baban Ilham a gidan kansa yake kafin ya taso a 2022, sai 2027 zai cancanta.

Baban_Ilham:
A gidan gado muke, sunan mahaifinmu ne a takarda har gobe, Allah ya jiƙansa. Na gode ƙwarai jama'a, kaina ya cika amma ya fi jiya haske. Na duba takardar da CRA ta aiko min bayan harajin bara, gurbin RRSP ɗina ya wuce dubu goma sha biyar. Tunanina yanzu: in cike takardar wurin aiki, in zuba 6,000 a RRSP kafin 3 ga Maris, sauran 2,000 a TFSA. Ma'aikacin banki ma ya ce in ina so su ranta min in cike gurbin duka.

Kawu_Bala:
Amin. Bashi kam a'a. Kuma ɗana, in ka zuba dubu shida, me ya rage maka in mota ta lalace ko aka rage ma'aikata? Ka ji abin da ya sami Direba. Mai iyali biyar da albashi ɗaya, dubu takwas ɗin nan su ne kuɗinsa na ko-ta-kwana, ba jari ba. Ni a TFSA zan sa su duka inda hannu zai kai, in bar zubin wurin aiki ya riƙa gina RRSP a hankali.

Uwar_Tagwaye:
Amma Kawu, kusan dubu uku fa zai bari a kan tebur tsakanin haraji da kuɗin yara. In sun dawo ai su ne za su koma TFSA su zama na ko-ta-kwanan.

Kawu_Bala:
In sun koma. Na ga kuɗin haraji da yawa sun dawo a Afrilu sun zama talabijin.

Dokta_Zainab:
Duk wanda ka zaɓa, ka tambayi nawa ake cira na kula da asusun a shekara. Yawancin asusun haɗaka da ake tallatawa a kanta suna cin wajen kashi 2, ETF da yawa ba sa kai rabin kashi ɗaya. Ga misali kawai, ba alkawari ba: dala 10,000 da ke girma da kashi 6 na shekara 30 za su zama wajen 57,400, in kashi 4 ne suka rage bayan an cire kuɗin kula, wajen 32,400. Kuma kada ka zuba kuɗi a RRSP ka bar su tsaba ka ɗauka ka zuba jari, hauhawar farashi za ta yi ta gatsar su.

Ustaz_Nura:
Wata magana kafin in manta. Layin da ake cewa ka rubuta sunan wanda zai karɓi kuɗin in ka rasu, kada a cike shi da ka. Wanda aka rubuta shi ake miƙa wa kai tsaye, ba sa bi ta cikin dukiyar da za a raba. Mai son a bi rabon gado na shari'a sai ya tsara wasiyyarsa da lauya yadda ba za su ci karo ba.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ga kuma ɓangaren haraji a kai. RRSP in mai shi ya rasu, ana ɗaukar duk abin da ke ciki kamar kuɗin shigarsa na shekarar ƙarshe, sai dai in ya koma wa mata ko miji, ko wani lokaci ɗan da ke ƙarƙashin kulawarsa. In ka rubuta ɗan'uwanka, shi zai karɓi kuɗin cif, harajin kuma ya faɗa kan abin da za a raba wa marayu. A Kebek galibi ta wasiyya ake yin wannan.

Baban Ilham, ni a tsakiyar Kawu da Uwar Tagwaye nake. Kana da bashin kati? In akwai, ruwansa wajen kashi 20 ne, shi za ka fara kashewa kafin komai. In babu, 3,000 ko 4,000 a RRSP bana ba laifi. Gurbin da ya rage ba ya ruɓewa, yana jiran ka har ƙarshen shekarar da za ka cika 71, lokacin da dole a rufe asusun, galibi a juya shi zuwa RRIF, asusun ciro kuɗin ritaya, a fara cirewa. Idan maiɗakinka ta fara aiki kuma lissafin tallafin yaran zai canja, sai a sake zama.

Baban_Ilham:
Babu bashin kati, alhamdulillahi. Ita dai maiɗakin da na karanta mata ta ce bayan Kawu take.

Injiniya_Sani:
Hajiya, tunda ita ba ta da kuɗin shiga yanzu, me zai hana ya zuba a RRSP da sunanta, shi ya ci rangwamen, ita ta cire a ƙaramin haraji?

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ana yi, daga gurbinsa zai fita. Amma in ta cire a shekarar da ya zuba ko shekaru biyu da ke biye, harajin kansa zai dawo. Kuma ita da za ta gama karatun jinya, wa ya ce maka nan da shekara biyar ba za ta fi shi albashi ba?

Direban_Tirela:
Ni dai har yanzu TFSA. Hajiya na turo miki saƙo kan maganar kamfanin nan, ki duba in kin samu sarari.